Ruwan da Na Zuba wa Katakon Madam

Kwananmu tara a Parakou bijimi ya karya wa maigidana cinya.

Shanu ya rako daga Dogon Dutsi, ni kuma na biyo shi, don an ce mana aiki a Dahomey sai wanda ya ƙi. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, kowa na ganin ƙofa ta buɗe. Dillalin da ya kwaso mu, wani mai zaƙin baki da ke kiran kowa ɗan'uwa, ya yi mana alkawarin ɗaki da aiki wurin mahauta. Ranar da abin ya faru ya zo ya dubi ƙafar, ya yi salati da ƙarfi har mutane suka juyo, ya ce bari ya je ya kira mota. Har yau motar nake jira.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba. Abokan kiwo Dogo suke ce masa. Kwana uku yana kwance ƙarƙashin wata rumfa a gefen kasuwar shanu, ga damina ta zauna, ruwa na bi ta ƙarƙashin tabarmarsa. Wani Bafulatani maɗori ya zo ya shafa cinyar, ya girgiza kai.

"Ina iya ɗora ta," ya ce mini, "amma ba nan ba. Samo ɗakin da zai kwanta kwana arba'in, kada a ɗaga shi, kada a juya shi. In aka motsa ƙashin nan kafin ya kama, ya gama tafiya daidai a duniya."

Na bi gari ƙofa ƙofa. Wasu ba su jin Hausa, wasu suna ji amma da na ambaci majinyaci sai Hausar ta ɓace musu. A rana ta uku ƙafafuna suka kai ni kasuwar Arzeke, na zauna bayan wani tulin doya ina kuka ba kunya. Mai doyar wata dattijuwa ce 'yar Bargu, Inna Bake, mace mai faɗin kafaɗa da muryar da ke kai wa ƙarshen layi. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na cinye dafaffiyar doya da man ja da ta tura mini. Da ta ji labarina sai ta ce akwai wata Madam da ke sayen doya wurinta, tana neman mai shara, kuma akwai ɗaki a bayan gidan.

Gidan yana wajen unguwar Kpébié. Na wani Bature ne da ya tafi, gwamnati ta ba wani babban ma'aikaci daga Kwatano, wanda kowa ke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci. Matarsa doguwa ce, ga tsohon ciki. Sun taɓa zama a Yamai, don haka tana da Hausar da ta ishe ta ba da umarni, sai dai mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi hannuwana, ta ce ta yarda. A ranar aka ɗauko maigidana, maɗori ya ja ƙafar har na ji ihun da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya jera kara ya ɗaure. Na tsinto tsakuwa arba'in na zuba a ƙoƙo, kullum in fitar da ɗaya.

Kashegari Madam ta shigar da ni falo. Na tsaya a bakin ƙofa, don na zaci wani ƙaton tebur ne aka kwantar a ƙasa. Katako ne tun daga wannan bango har wancan, ja mai duhu, an jera shi ba ko tsaga, yana sheƙi har ina ganin inuwar zanena a ciki. Ta miƙo mini tsintsiya mai laushi da tsumma da wani gwangwani mai warin kananzir da ta kira sir.

"Ka share. Ka sa sir kaɗan. Ka goge da tsumma," ta ce. Sai ta ɗaga yatsa. "Kada ka sa ruwa. Ruwa, a'a. Ka ji?"

Na ji sarai. Ba zan yi wa Allah ƙarya in ce ban fahimta ba.

Amma sai an san wace ce ni a lokacin. A unguwarmu ba a kai amarya ɗaki sai ni Dije na zo daɓe. Ni ke riƙe maɗaɓi na farko, ni ke ba da waƙa, ni ke jiƙa makuba in shafe ƙasa har ta yi ƙarfi kamar bayan tukunya. Tun ina da shekara bakwai uwata ta koya mini cewa macen da ta yi shara ba yayyafi ƙazama ce, ƙura kawai take sauya wa wuri. To ga wata mai takalmi mai tsini, wadda na tabbata ba ta taɓa durƙusawa ta daɓe ko murhu ba, tana koya mini yadda ake kula da ƙasan ɗaki. A raina na ce rowar ruwan famfo ce ke damunta.

Kwana biyar na bi dokarta, don idonta na kaina. A na shida ta hau jirgin ƙasa ta tafi Kwatano haihuwa, ta ce sai bayan mako uku. Mushe kuwa yana rangadi a ƙauyuka, ba a ganinsa. Aka bar ni da mabuɗi da girman kaina.

Safe da yamma nake cika ƙwarya in yayyafa, in share. Wallahi har daɗi nake ji, ƙamshin jiƙaƙƙen wuri na tuna mini tsakar gidanmu. Wata Alhamis kewar gida ta taso mini sosai, na rasa inda zan sa kaina, sai na ce bari in yi wa matar nan aikin da ba a taɓa yi mata ba. Na kwarara bokiti huɗu, na dirje falon da soso da sabulun salo, na rufe tagogi don kada ƙura ta shiga, na tafi ina yaba kaina.

Bayan kwana biyu na zo buɗe falon, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na sa kafaɗa. Sheƙin nan ya tafi, wurin ya yi fari fat kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Gefen kowane katako ya ɗago, tsakiyarsa ya lotsa. Guda uku na bakin ƙofa kuwa sun yi doro sosai, in na taka sai su yi ƙara. Na zauna a dokin ƙofa.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ce ai na san maganin ƙasar da ta yi fari. Na je kasuwa na roƙo ɓawon ɗorawa, na jiƙa, na shafe falon nan da makuba lungu lungu. Da ta bushe, wurin ya yi dabbare-dabbare, kan kowace ƙusa ya fito da baƙin tabo kamar idon kifi. A ranar na ƙirga tsakuwar ƙoƙo. Saura ashirin da uku, Madam kuma saura kwana goma ta dawo.

Na kira Inna Bake ta gani. Ta riƙe haɓa tana bin katakan da kallo.

"Ɗiyata, kin kashe mu," ta ce daga baya. "Kafintocin garin nan ƙofa da benci suka sani. Wanda ya yi wa Nasara wannan aiki tsoho ne yanzu, yana Djougou. Baba Salifu. Bahaushe ne irinku. In bai mutu ba, shi kaɗai."

Na shiga ɗaki na gaya wa maigidana komai, ban rage ba. Na so ya zage ni. Ya dubi rufin kwano, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Tahi, Dije. Ni ina nan. Ina za ni?"

Inna Bake ta ɗauki nauyin ba shi abinci. Ni kuma na ɗauki tasar aurena, ita kaɗai ta rage mini mai daraja, na ba wani direban kamyo, babbar mota mai ɗaukar gishiri, da ya rantse har ƙofar kasuwar Djougou zai sauke ni. Muka yi ta tafiya cikin jar laka, ina zaune kan buhu, ruwa na dukana. Bayan azahar ya tsaya a wata mararraba, ya ce in sauka, garin yana bayan waɗancan itatuwa, shi zai ɗan karkata ya sauke kaya. Na wuce itatuwan, na wuce waɗanda ke bayansu, babu ko rumbu. Wani mai keke da na tsayar ya ce Djougou sai gobe in ina da ƙafa.

Na yi tafiya ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Na zagi direba, na zagi dillali, na zagi bijimi, da na ƙare sai na ga saura ni, na kama kaina da zagi. Wata Bafulatana a wata ruga ta ba ni nono da wurin kwana, ba ta jin yarena, ba na jin nata. Da safe ta ga ƙafata ta tsage, ta shafa mini man shanu, ta raka ni har bakin hanya.

Rana ta take tsaka na shiga Djougou. Ina bin wani lungu sai na ji daga cikin wani zaure ana cewa, "Sannu da rana, baiwar Allah, daga ina?" da Hausa tsantsa. Hawaye suka zubo mini kafin in amsa. Mutanen unguwar jikokin fataken goro ne, kakanninsu sun yada zango nan ba su ƙara gaba ba. Kowa ya san Baba Salifu.

Na same shi zaune kan buzu a ƙofar gidansa, tsoho tukuf, farar yana ta rufe masa ido, hannuwansa kuwa manya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na kwatanta gidan.

"Mai taga huɗu, ƙofa na duban gabas?" ya ce. "Ni na shimfiɗa shi. Loko ne, daga kurmi aka kawo. Wata uku na yi a kan gwiwa. Me ya same shi?"

Da na ce ruwa, ya ja tsaki. Da na ce bokiti huɗu, ya ce innalillahi. Da na kai kan makuba sai ya fashe da dariya har da tari.

"Makuba! A kan loko! Ke daga wane gari?"

"Dogon Dutsi, Baba."

"Ai na san za a rina."

Na bar shi ya gama, sannan na gaya masa batun cinya da kwana arba'in. Dariyar ta ɗauke. Ya ce in matso, ya kama hannuna ya shafa tafin.

"Kin iya aiki, shi ya cuce ki," ya ce. "Saurara, 'yata. Ƙasa in ta sha ruwa ƙarfi take yi. Katako kuwa bai manta shi itace ba ne, in ya sha sai ya kumbura ya nemi wurin miƙewa. Ki buɗe tagogin nan duka. Kada ki kusanta masa wuta, zai tsage. Ki cika buhuna da yashi ki danne inda ya ɗago. Ki fasa kwalba ki kankare da bakinta, ki bi yadda jijiyar katakon ta kwanta, kada ki ratsa. Baƙin ƙusa ki ɗiga masa lemun tsami. In ya yi fes, ki narka kakin zuma, ki sauke daga wuta, ki zuba kananzir kaɗan, ki shafa siriri, ki naɗe tsohon bargo a ƙafa ki yi ta murzawa har cinyarki ta mutu."

"Zai koma yadda yake, Baba?"

"A wata biyu, yawancinsa. Kwana nawa gare ki?"

"In na isa gobe, shida."

Ya saki hannuna. "To zai yi sheƙi, amma ba zai kwanta ba. Ukun nan na bakin ƙofa kuwa sun tafi, sai an cire. Ki tare ta tun a waje ki faɗa mata gaskiya, ki nuna mata da hannunki. Kada ki rufe. Kin ji ni? Mai gida yana yafe ɓarna, ɓoyo ne ba ya yafewa."

Na ce na ji. Ya sa matarsa ta ɗauko mini dunƙulen kaki kamar kan jariri, ya hana ni ko godiya mai tsawo, ya sa aka haɗa ni da motar goro ta wani ɗan'uwansa. Wannan direban har bakin Arzeke ya kai ni, bai karɓi komai ba.

Kwana shida na yi a kan gwiwa. Na kwaso yashi daga rafi a ka, buhu bayan buhu. Kwalba ta yanka yatsuna har na daina ɗaurewa, sai dai in kula kada jini ya ɗiga a kan katako. Ina kankara ina roƙon katakon nan kamar mutum, ina ce masa ya yi wa Allah ya kwanta. Tsakanin aiki in ruga in ba maigidana ruwa, in kwashe masa kaskon bayan gida, in fitar da tsakuwa ɗaya. Ya ce ƙaiƙayi ya fara yi masa a cikin ƙashi, maɗori kuma ya ce alamar kamawa ce. Jin haka ya ƙara mini tsoro maimakon murna, don yanzu akwai abin da za a rasa.

A rana ta shida falon ya yi sheƙi, ƙamshin zuma ya cika gidan. In ba ka tsuguna ka duba ba, ba za ka ga lotsawar ba. Amma ukun nan na bakin ƙofa suna nan da doronsu, ɗaya har ya ɗaga baki kamar faɗin yatsa. Na tsaya ina kallonsu. Maganar Baba Salifu na kunnena, tsakuwa goma sha uku na cikin ƙoƙo. Na ce in na faɗa yau, yau za a kore mu. In na rufe, wataƙila a yi mako ba a gani ba, wataƙila biyu. Kwana goma sha uku kawai nake nema a duniya. Na ɗauko wata kyakkyawar tabarma daga ɗakin baƙi na shimfiɗa a kai.

Da hantsi mota ta kawo su daga tashar jirgi. Madam ta fito rungume da jariri cikin farin tawul. Na durƙusa na yi mata barka. Ta leƙa falo daga waje, ta ga sheƙi, ta yi murmushi, ta ce, "Ka yi aiki." Sai ta taka tabarmar.

Tsinin takalminta ya kama bakin katakon. Ta tafi gaba gaba ɗaya. Allah ya sa ta juya ta faɗi kan kafaɗarta, yaron na kan ƙirjinta, ya tsala kuka. Mushe ya fizge tabarmar. Duk muka tsaya muna kallon abin da ke ƙasa.

Na kama ƙafarta. Na ce ta dake ni, ta kai ni wurin 'yan sanda, in yi mata bauta shekara, amma ta bar mutumin nan ya cika kwanakinsa.

"Madam, saura kwana goma sha ukku. Don Allah, don Annabi. Ba shi da laihi, ni ce."

Tana ta laluba kan yaron da yatsu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce kada ruwa. Ka sa. To. Amma ka rufe. Ka ga ni da yaro, ka bar ni na taka." Ta juya mini baya. "Gobe ba na son ganin ka."

Na yi shekaru ina neman hanyar da zan ƙi matar nan, ban samu ba. Da ni ce da ɗana a hannu, da abin da zan yi ya fi haka.

A yinin Mushe ya kawo kafinta ya ɓamɓare katakan nan uku, aka jefar da su bayan gida, dab da ƙofar ɗakinmu. Da safe Inna Bake ta zo da 'yan dako huɗu, ta ce ta share mana ɗakin da take ajiye doya a unguwar Banikanni. Aka rasa abin ɗaukarsa, don gadon kara zai lanƙwashe. Ni na ce a ɗauko katakan. Muka jera su, muka ɗaure da igiya, muka zura su ƙarƙashinsa a hankali a hankali.

Hanya ta yi santsi, an kwana ana ruwa. Ina tafe a gefe, hannuna kan ƙafar, ina ce wa 'yan dakon sannu, sannu, kamar kalmar za ta riƙe su. Mun ci fiye da rabin tafiya, wajen tsallake wata kwata, na gaba ya zame ya kai gwiwa ƙasa. Ba su yar da shi ba. Amma na ji abin a tafin hannuna, wani ɗan motsi a ƙarƙashin karan, kamar an taka busasshen reshe cikin yashi.

Bai yi ihu ba. Zufa ta karyo masa, leɓɓansa suka yi fari. Da ya ga fuskata sai ya shafa katakon da ke ƙarƙashinsa.

"Kai, Dije," ya ce, "kin goge shi da kyau. Santsi gare shi."

Maɗori ya zo da la'asar, ya kwance, ya shafa, ya sake ɗaurewa. Bai dube ni ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na gane.

Sai bayan kaka muka koma Dogon Dutsi. Ƙafar ta kama a karkace, ta gajarta. Mutumin da ke bin shanu daga Arewa har Bargu a ƙasa bai ƙara wuce masallacin unguwa ba. Ya koma tufkar igiya a zaure. Ya rayu har ya ga jikoki, kuma ko sau ɗaya, ko cikin faɗa, bai taɓa ce mini ai an gaya miki ba. Mata sun yi ta aiko mini in zo daɓe, nakan ce bayana ke ciwo.

Kullum in ya fita sallar asuba, ƙafar nan takan ja layi a ƙasa, daga ƙofar ɗakinsa har zaure. Gari na wayewa in cika ƙwarya, in yayyafa, in share layin kafin kowa ya tashi ya gani. Haka na yi ta yi shekara da shekaru. Kashegarin ranar da aka kai shi makwancinsa, na fito da ƙwaryata kamar kullum, na tarar da tsakar gida sumul, babu abin sharewa.